Akwatin Yara Ya Faɗa Najeriya, Ni Kuma Ban Amsa Saƙonta Ba

Jama'a, sallama gare ku. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa wancan makon, ta ce ni dutse ne ba mutum ba. Ban ji haushi ba. Da na ji, da na ce an samu sauƙi.

Ga wanda yau ya fara bi na: sunana Isufu, walda nake yi a Matameye, rumfata tana bakin hanyar tasha. Shekarata arba'in da bakwai. Matata Ladi ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar mini 'ya ɗaya, Baiwa, tana aji biyu a kolej. Ina Kano cin rani ciwon ya kama ta. Ta kira ni ta ce tari ne. Na ji muryar, na san ba tari ba ne kawai, na ce mata zan zo ƙarshen wata. Na zo na tarar ana sadakar uku. Tun daga ranar ina ci, ina sha, ina aiki, ina sallah, amma kamar wani ne ke yi, ni ina tsaye gefe ina kallonsa. Ban yi kuka ba. Mutane suka ce ƙarfin hali ne da ni. Ba ƙarfin hali ba ne. Babu komai ne a ciki.

Ranar Litinin da hantsi ina liƙa ƙofar wani shago, saƙo ya shigo salulata. Madam Najaha ce, malamar kimiyya ta su Baiwa. Ga shi yadda ta rubuta, ban ƙara ba ban rage ba:

"Baban Baiwa, ina kwana. Kawuna zai zo daga Damagaram ranar Juma'a, bayan masallaci zai zauna da ni. Ya ce in ba shi amsa a kan maganar Nasiru, ko in nuna masa wani. Sau uku ke nan ina ce masa ya jira, ba zan ƙara ba. Na faɗa maka ne don kada ka ce ba ka sani ba."

Na karanta sau biyu, na mayar da salular aljihu, na ƙarasa ƙofar. Ta yi kyau kuwa.

Najaha bazawara ce, shekararta talatin da biyar, ba ta haihu ba, tana zaune da mahaifiyarta a bayan kasuwa. Doguwa ce siririya. Kullum atamfa take sawa da mayafi ruwan toka, kullum kuma akwai farin alli a gefen zanenta inda take goge hannu. Tabarau gare ta mai hannu ɗaya karyayye, ni na liƙe mata shi da dalma. Nasiru kuwa ma'aikacin gwamnati ne a Damagaram, shi ma aurensa ya mutu. Yana da mota, yana da gida mai famfo a ciki, yana gaida ni da hannu biyu. Ban san wani aibu nasa ba. In na faɗi gaskiya ban ma nema ba.

Da yamma yayata Shekara ta zo da tuwo da miyar kuka a kwanon samira. Ban gaya mata komai ba, amma mata suna da hanyarsu. Ta ajiye kwanon da ƙarfi, ta ɗaga labulen ɗakin Ladi ta leƙa. Gadon yana nan da zanen gadon da ta shimfiɗa na ƙarshe, kwanukan jere suna nan, Baiwa ce ke goge su ranar Lahadi. Ni a zaure nake kwana bisa tabarma. Shekara ta saki labulen ta fara. Ta ce mace mai ilimi ta sauke kunyarta ƙasa ta yi mini magana da bakinta, ni kuma ina zaune kamar an dasa ni. Ta ce yarinya ta fara girma, akwai abubuwan da ba za ta tambayi uba ba. Ta ce ba wani abu ake nema a gare ni ba illa in sa riga mai kyau in ɗauki babba ɗaya mu je zaure.

"Kana son ta ko ba ka so?"

Na ce ban sani ba.

"To ka ƙi ta mana, a san ka yi wani abu."

Na ce tuwon ya yi daɗi. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama.

Yadda na san Najaha kuwa, ta dalilin balan-balan ne. Wata ƙungiya daga Yamai ta aiko wa kolej ɗin da kaya: balan-balan ƙato a naɗe cikin leda, da butali, wato tukunyar gas, mai iska marar nauyi irin wadda ba ta kama wuta, da 'yar kamara, da wata na'ura kamar kwalin ashana mai aiko saƙo ta faɗi inda take. Wai yara za su haɗa akwati, a ɗaura a balan-balan ɗin, ya hau har ya wuce inda jirage ke bi, ya fashe, akwatin ya sauko da lema, a je a ɗauko a ga hotunan da ya ɗauka. Najaha ta zaɓi yara goma sha biyu. Da suka zo gwaji, bakin butalin ya ƙi shiga tiyo. Baiwa ta ce babanta yana gyara duk abin da yake na ƙarfe. Na je don aikin minti ashirin, na yi wata uku, kowace Laraba da yamma da kowace Asabar.

Ni lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi aka cire ni. Lissafin allo na Najaha ne. Nawa shi ne na hannu. Na koya musu ƙullin da ba ya kwancewa in an ja shi. Na kai su wurin mahauci muka ari sikeli, duk abin da zai shiga akwati sai an auna, wanda ya yi nauyi a fid da shi ko na ɗan waye. Akwatin da farin soson da ake danne firiji a kwali muka yi shi. Najaha ta ce sanyin can sama ya fi na firiji, batir zai mutu, sai muka tura batiran cikin safa. Wata yarinya, Anisa, ta ɗinka lemar da ƙyallen tsohuwar laima a keken mahaifiyarta. Muka riƙa hawa rufin aji muna sako akwatin da ƙwai a ciki. Ƙwai tara muka fasa kafin ɗaya ya sauka lafiya. Wanda ya tsira ɗin, Fahad, sarkin surutun ajin, ya ce a bar masa, ya ga abin da ba kowane ƙwai ya gani ba. Fahad ɗin ne kuma ya tambaye ni wata rana:

"Baba Isufu, idan ya kai can ya huda sama fa?"

Anisa ta ce masa kansa ne ya hudu tun tuni, shi ya sa komai aka zuba yake zubewa. Suka yi ta dariya. Ni na ce a miƙo mini filaya.

Ban taɓa yi wa Najaha maganar so ba, ita ma sai a saƙon nan. Takan ajiye mini kunun tsamiya a kofin silba kusa da kayan aikina ta wuce. Wata Asabar yara sun watse, tana share allo, ta ce ni kaɗai ne a garin nan ban tambaye ta me ya kashe aurenta ba. Na ce ba ruwana ba ne. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, in kuna neman wani abu babu.

Ranar Laraba da safe aka yi sakin, kwana biyu bayan saƙon. Filin ƙwallo ya cika. Dirakta ya sa kwat, wani ya zo daga meri, ofishin magajin gari, masu ƙosai sun kafa kasko. Nasiru ya zo da motarsa cikin shadda ruwan sararin sama, ya kawo wa yara lemo kwali biyu. Najaha ta sa sabuwar atamfa koriya. Ta gaida ni kamar kullum, na amsa kamar kullum.

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Yara sun liƙa takarda a jikin akwatin da salatif. Da Faransanci suka rubuta, wai wanda ya tsinta ya kira wannan lamba, aikin 'yan lakwal ne, ba abin tsoro ba. Faransancin ba na karantawa, amma lamba ina karantawa. Lambar Najaha ce, guda takwas, yadda muke ba juna a nan. Na ɗaga kai na ga tutar lakwal tana kaɗawa kudu. Shekara goma sha takwas na yi ina cin rani. Na san in ka tsallaka iyaka, lamba takwas ba ta zuwa ko'ina sai ka sa biyu-biyu-bakwai a gaba, mutumin ƙauye kuwa ba zai san haka ba. Na san ba mai karanta Faransanci a can. Na kuma san layin da ke cikin na'urar na Nijar ne, yana faɗawa can zai yi shiru. Yaran nan da malamarsu sun lissafa nauyi da sanyi da nisa, sun manta iyaka tana nan kusa da mu, don a taswirar da ke allo Matameye ce a tsakiya.

Biro yana aljihun Fahad, taku biyu daga inda nake. Lamba uku a gaba da kalma huɗu da Hausa sun isa. Amma ba zai yiwu ba sai na je gaban Najaha na dubi idonta, ga saƙonta a aljihuna ban amsa ba. Ba kishin Nasiru ba ne da ke tsaye kusa da ita. Bakin ne ya yi mini nauyi. Na sunkuya na buɗe butali.

Mun ɗaura bido, wato jarka, mai ruwan da aka auna a wuyan balan-balan ɗin, muka yi ta ba shi iska har ya ɗaga bidon daga ƙasa, alamar ya isa. Ya kumbura ya fi ɗakin kara girma. Yara shida sun tallabe shi da safa a hannu don kada farce ya taɓa. Na ƙulle wuyan, Baiwa ta ƙara ƙulli na biyu yadda na koya mata. Suka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, suka saki. Filin ya ɗauki ihu. Ni na shiga naɗe tiyo, don in aka bar shi a rana yana tsagewa.

Najaha ta riga ta gaya musu na'urar za ta yi shiru in ta yi nisa, sai in tana saukowa za ta sake magana. Muka koma aji muka zauna. Wajen azahar salularta ta yi ƙara sau ɗaya. Ta duba taswira, ta sa yatsa kudu da Ɗan Barto, ƙetaren iyaka. Muka jira na biyu. Har la'asar bai zo ba.

Dirakta ya ce ba malami ba ɗalibi da zai tsallaka ba takarda. Nasiru ya ce zai rubuta wasiƙa ta bi ta Damagaram, ya san mutane, cikin sati uku za a ji wani abu. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Anisa ta kifa kai a tebur. Na dubi Baiwa. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna hannu a cinya tana kallon bango, fuskar ba komai a kanta. Na san fuskar nan, ita nake gani a madubin moto in zan fita.

Alhamis bayan asuba na ɗaura jarka ɗaya ta mai a bayan moto, wanda ku 'yan Najeriya kuke ce wa babur, na bi ta hanyar gonaki yadda kowa ke bi. Ban sha wahalar nema ba. Duk rijiyar da na tsaya, duk mai shayin da na tambaya, ya ji labarin abin da ya faɗo daga sama. Wani ya ce jirgi marar matuƙi ne. Wani ya ce bam ne, yana ta ƙirga lokaci. Wata tsohuwa ta ce da fuka-fuki ya sauko. Kowa yana nuna mini gaba, har na isa wani ƙauye, Tudun Baushe, rana ta karkata.

Yana nan a tsakiyar wata gonar gero da aka girbe. Sun kewaye shi da ƙaya kamar garken awaki, 'yan banga biyu suna zaune nesa a inuwar gawo da bindigogin toka. Lemar Anisa ta rufe rabinsa. Daga inda nake ina jin 'yar ƙarar da muka sa masa, tit, tit.

Suka kai ni wurin mai gari, Yahaya sunansa, tsoho ɗan ƙarami mai ido ɗaya, bakinsa ja da goro. Ya saurare ni har na gama. Ya ce lambar nan waya bakwai suka gwada, duk suna cewa ba ta cika ba, shi ne suka tabbatar makirci ne. Ya ce sun kira malamin firamare ya tsaya daga nesa ya karanta takardar, ya ce Turanci ne amma ya lalace a hanya. Ya ce ya riga ya aika wa 'yan sanda, gobe da yamma za su zo su ɗauke.

Na ce a ba ni in tafi. Ya ce a'a. A garinsu ba a ba baƙo tsintuwa sai an yi cigiya a masallacin Juma'a, mai kaya ya faɗi abin da ke ciki gaban jama'a tun ba a buɗe ba. Ko akuya ce haka ake yi, balle abin da ya faɗo daga sama yana kuka. In na tsaya na faɗa daidai, nawa ne. In na tafi, na 'yan sanda ne.

Na ce ina da wata magana a gida gobe bayan masallaci.

"Mutuwa aka yi?"

Na ce a'a.

"Haihuwa?"

Na ce a'a.

"To za ta jira."

Ban yi gardama ba. Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba: sauƙi na ji. An ɗauke mini zaɓi. Gobe in an tambaye ni, zan ce kayan yara na tsaya karɓa, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Salulata ba ta da layi a can. Na ari ta mai shayi, na sa biyu-biyu-bakwai a gaba, na kira Najaha. Bugu ɗaya ta ɗauka. Na ce an ga akwati, lafiya lau yake. Ta yi hamdala, ta ce yara za su yi murna. Ina jin tukunya tana tafasa a kusa da ita.

"Gobe Juma'a, Baban Baiwa."

"Na sani. Gobe za su ba ni shi."

"Shi ke nan abin da ka kira ka faɗa?"

"Batirin bai mutu ba. Ina jin kukansa."

Sannan ta ce, "To. Allah ya dawo da kai lafiya." Ta kashe. Na mayar wa mai shayi wayarsa, na sha shayi da burodi. A zauren mai gari na kwana, na yi barci sosai.

Juma'a bayan an sallame, ladan ya tashi ya yi cigiya: an tsinci wani abu fari mai lema a gonar wane, in da mai shi ya fito. Na fito. Duk masallacin ya biyo mu gona, manya a gaba, kowa yana so ya gani, ba mai so ya matsa. Na tsaya bakin ƙaya na fara lissafi. Kamara ɗaya baƙa, idonta yana leƙe ta ƙasa a karkace. Na'ura ɗaya mai jar fitila. Batir huɗu cikin safa biyu, ɗaya koriya, ɗaya baƙa mai huji a dunduniya. Aka yi dariya. Wani ya ce mai bam ba zai san hujin safa ba. Mai gari ya ce a buɗe. Ba wanda ya motsa. Ya ce tun da nawa ne in ji ni, in buɗe da kaina, su za su yi mini addu'a daga nan.

Na janye ƙaya, na yanke salatif, na ɗaga safar mai huji sama. Sai ga su duk sun zagaye ni.

Mai gari ya ce sai ya ga abin da akwatin ya gano a can. Kamarar tana da ɗan gilashi a baya. Muka koma inuwar gawo, ya zauna kusa da ni, ya kara idonsa ɗaya. Daga ƙarshe hotunan suka fara. Kututturen gero. Hancin akuya. Sai gonaki kamar facin riga. Sai na danna, sama ta fito baƙa ƙirin da rana tsaka, ƙasa a ƙarƙashi ta lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, da wani shuɗin zare a gefenta. Mutane suka yi ta salati. Liman ya ce a ƙara nuna masa. Wani dattijo ya share hawaye. Na kalla ni ma. Na ga hoton ya fita da kyau, na ce a raina soson ya riƙe kamarar daidai.

Na yi ta dannawa baya har muka sauko Matameye. Ga rufin kolej, ga filin ƙwallo kamar daga kan giginya, mutane duk fuskokinsu a sama, baki buɗe.

"Tsaya," in ji mai gari. Ya sa farce a gilashin. "Ga ka nan. Rigar nan ce ma a jikinka. Duniya duk tana kallon sama, kai kana naɗe igiya."

Aka yi dariya, aka ce shaida ta cika. Shi bai ɗaga kai ba. Ya ce in ƙara dannawa. Na danna. Ya ce ƙara. Hoto biyar, kowanne ya fi na baya kusa da ƙasa.

"Wannan mai koren zane, iyalinka ce?"

Na ce a'a, malamar yaran ce, ita ce mai aikin duka, wata uku tana kansa.

"Ita ce mai aikin, wata uku tana wahala, abin ya tashi, kuma ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya?"

Na karɓi kamarar na duba. Dirakta yana kallon sama. Nasiru ya kare ido da hannu yana kallon sama. Baiwa ta ɗaga hannu biyu. Najaha tana tsaye gefe, tabarau a hannu, fuskarta a kaina. A duk biyar ɗin. Ni kuma ƙeyata ce kawai ta fito.

Ban san me ya sa na faɗa ba, wataƙila don ba wanda ya san ni a garin. Na ce yau ne kawunta ke zaune da ita, yanzu haka, za ta ba da amsa a kan wancan mai shadda, ta kuma aiko mini tun Litinin.

Mai gari ya tofar da goro.

"Jiya na ce maka mutuwa, ka ce a'a. Na ce haihuwa, ka ce a'a. Na ukun ne ka kasa faɗa? Da ka faɗa ai da na tara dattawa biyar a zaure an yi cigiyar jiya." Ya zaro wata tsohuwar waya ɗaure da roba ya cusa mini. "Katin kaɗan ne. Kada ka tsaya gaisuwa."

Wayar ta lalace, sai a fili take magana. Mutum arba'in suna tsaye a kaina. Na sa lambar. Ta yi ta ƙara, har na ce ba za a ɗauka ba. Sai muryar namiji, dattijo, a natse, Hausar Damagaram.

"Wa ke magana?"

Na ce Isufu ne, mai walda, daga Matameye.

"Mai wayar tana ciki wurin mahaifiyarta, na ce ta je ta yi shawara ta ƙarshe. Ni kawunta ne. Saƙo ne?"

Mai gari ya zungure ni da sanda a haƙarƙari.

"Aurenta nake so," na ce.

Mutane suka ƙara matsowa kusa da wayar.

"Kai ne wanda ake ta jira ke nan." Bai faɗa da daɗi ba. "To ka ji, Isufu. Ba a neman 'yarmu a waya kamar ana cinikin buhu. Wanda ya san darajarta yana zaune a zauren nan tun saukowa daga masallaci, da manyansa biyu. Ni ina yin la'asar zan kama hanyar Damagaram, kuma ba zan tashi ba amsa ba. In ka zo da babba kafin nan, zan saurare ka, ita kuma ta zaɓa. In ba ka zo ba, kada ka ƙara kiran wannan lamba."

Kafin in ce to, katin ya ƙare.

Na tsaya da wayar a hannu. Babban da ya rage mini a dangi yana Icirnawa, tsoho ne, ko an aika yanzu ba zai iso ba. Daga Tudun Baushe zuwa Matameye awa ɗaya da rabi ne a rairayi, in taya bai yi faci ba. Na faɗa musu haka. Na ce ba ni da babba a kusa, lokaci kuma ya ƙure, Allah bai yi ba. Har na fara tattara lemar.

Mai gari ya miƙe. Ya aika a ɗauko masa babbar rigarsa ta idi da rawani. Ya tsaya nan gindin gawo ya zura, fara ce mai aiki ruwan ƙasa, ta yi masa yawa, tana warin kafur. Liman ya ce masa ranka ya daɗe, ƙasar Faransa ce fa, haka suke kiran Nijar a can. Ya ce kakarsa 'yar Dungu ce ta kusa da Matameye, ba wanda zai nuna masa hanya. Ya tattare rigar, ya ɗare bayan motona kamar saurayi, ya ce a ɗora masa akwatin a cinya.

"Babba kake nema. Ni yaro ne?"

Na hau. Na taka moton, ƙafata ta zame. Na sake takawa, ta sake zamewa. Moton nan shekara shida ina hawansa, bugu ɗaya yake tashi. Na duba ƙasa in ga me ya same shi. Ba shi ba ne. Ƙafata ce ke rawa, tun daga gwiwa har tafin, takalmin yana buga ƙarfe. Na dafa ta da hannu, hannun ma yana yi. Na tsaya ina kallonsu.

Tsohon ya buga mini akwatin a baya.

"Tashi mu je, ɗan Faransa. Ka yi rawar a hanya."

A na uku ya tashi. Ƙarfe uku saura kwata muka bar garin.